Da Sauƙi, Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin man zafin ɗakin nan ba. Har yau in na shaƙe shi sai in ji kunya ta taso min tun daga ƙafa. Ɗakin gashin ƙashi ne a wani asibiti a nan Azare, ciwon kafaɗa ya kai ni. Shekara huɗu ina rataya jakar littattafai a gefen dama, ga zaman rubuta waƙa da kai a karkace (a ganina haka marubuta suke zama), har kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya tsawo.

Abin da ya dagula lamarin, likitar da za ta duba ni gwaggon Habu ce, saurayin da ake shirin sa mana rana. A gidansu ba a tsallake maganarta. Don haka tun a cikin adaidaita na ƙudurta cewa yau za ta ga yarinya mai haƙuri.

Ta yi min bayani a natse. Naman dama ya ɗaure don yawan aiki, na hagu ya sangarce. Za ta sassauta ɗaya da hannu, ta koya min motsa ɗayan, tun ciwon bai sauko baya ba.

"Inda ya yi zafi ki faɗa, 'yata," in ji ta. "Da amsarki nake aiki."

Na kwanta rub da ciki. Ta danna. Na ga taurari da rana tsaka.

"Ya nan?"

"Da sauƙi, Hajiya."

(Haka aka rene mu. Kakata, Allah ya jiƙanta, ranar da za ta rasu ma da sauƙi ta ce.)

"To, ashe ban kai wurin ba." Ta matsa gaba, ta ƙara nitsa babban yatsa. Na ce da sauƙi. Ta koma gindin wuya, na ce alhamdulillahi. Hawaye suka jiƙa matashi, na ce man zafi ne ya shiga idona, alhali a bayana aka shafa shi.

Sai ta zura yatsa ƙarƙashin allon kafaɗa. Ni da malamai ke cewa in ɗaga murya a aji, sai ga wani sauti ya fito daga bakina, tsakanin kukan akuya da birkin tirela. Ƙafata ta harba da kanta, farantin kayan aiki ya yi ta juyi a ƙasa kamar ba zai tsaya ba.

Can wata tsohuwa da ake gasa wa gwiwa a bayan labule ta yi gyaran murya.

"Barka, barka. Me aka samu?"

"Kafaɗa aka samu, Iya," in ji Hajiya. Ta sunkuyo kaina. "Yanzu fa, ya nan?"

Wallahi ban san lokacin da na ce, "Da sauƙi" ba.

Sai da ta nemi kujera don dariya. Daga ranar na gane ladabi yana da wurinsa, kuma ba kan gadon gashin ƙashi ba ne.

Kafaɗa ta daidaita bayan 'yan makonni. Amma sai bayan biki Habu ya gaya min cewa tun dannawar farko ta san ƙarya nake, don yatsun ƙafata sun nannaɗe kamar taliya. Da aka nemi shawararta a kaina kuwa, cewa ta yi: "A auro ta. Amma duk ranar da ta ce ta ƙoshi, a ƙara mata tuwo."