Awon Tafin Hannu

Na tsira daga yunwa, na tsira daga daji. Tantabarun Ingila ne suka ga bayana.

Wani Baturen manomi a bayan Birmingham yake biyana ina harbe masa masu cin shukarsa. Da aikin nake ci, lasisina kuma cikakke ne. Da harsashi ya yi tsada, wani lokacin ma babu shi a shago, sai na sayi injin ɗurawa da kaina. Dakta Bashir, mijin ƙanwata, ya zo daga Manchester ya tarar da sikelin da ya zo tare da injin a leda, ban ko buɗe ba.

"Yaya, da wannan fa ake auna albarushin."

"Ubana da tafin hannu ya auna ya kashe ɓauna. Kai je ka auna maganin tari."

Na ɗura harsashi ɗari biyu da awon tafin hannu. Na ce ya biyo ni gona ya ga aikin maza.

Tantabaru suka sauko. Na saita, na ja kunama. Bindiga ta ce fus, kamar atishawar tsohuwa. Dalmar harsashin ta zubo a gaban takalmina. Na sake, haka dai. Cikin tantabarun ko ɗaya ba ta tashi ba, wata ma matsowa ta yi.

Manomin ya dube ni, ya dubi tsuntsayen, ya ce zai kira wani. Ya kuwa kira.

Ƙanwata Dakta ya ajiye wa labarin.

Shekara uku ke nan. Duk sallah, in za ta sa gishiri a miya, sai ta leƙo falo a gaban baƙi.

"Yaya, zo ka auna mana. Kai hannunka ba ya yawa."