Ranar da Kofur Jatau Ya Je Karɓo Lambobinsa

Wani mutum ne a unguwarmu, Kofur Jatau, tsohon soja. Da baki ne ke cin yaƙi, da shi kaɗai gwamnati za ta riƙa turawa, sauran sojoji su koma gona. Gajere ne, ga tumbi, ga gashin baki kamar an liƙa masa tsintsiya. Tun da ya ajiye kaki ba shi da wurin zama sai rumfar Ɗantani mai tsire, nan bakin tasha. Da an yi la'asar zai gyara zama a kan benci, ya buɗe fagen daga.

Labarin ɗaya ne, sai dai kullum ƙiba yake yi. Wai lokacin da aka kai su wata ƙasa aikin kwantar da tarzoma, 'yan tawaye suka yi musu kwanton ɓauna a bakin wata gada.

"Ta-ta-ta-ta! Dum! Kowa ya watse," in ji Jatau. "Ni kaɗai na tsaya. Na waiga, sai ga shugabanmu, Laftanar Shekarau, kwance an harbe shi a ƙafa, yana cewa Jatau ka cece ni. Na sunkuce shi, na goya. Bindiga a dama, gurneti a hagu. Ina gudu ina harbi. Harsashi na wucewa ta kunnena, fiu! fiu! Wani ma sai da na kauda shi da hannu."

"Ka ji rauni kuwa, Kofur?"

"Mummuna ma. Amma a wurin da ba a nunawa."

"To ina lambar yabon?" Wannan tambayar Ɗantani ce, kullum sai ya yi ta yana juya nama.

Nan Jatau zai yi ajiyar zuciya, ya kai hannu faranti. "Hassada, Ɗantani. Lambobi uku na ci: ta jarumta, ta rauni, da ta ceton hafsa. Wani magatakarda mai baƙin ciki ya ƙi shigar da su a fayil ɗina. Da Laftanar yana raye, Allah ya ji ƙansa, da ya tsaya mini."

Alhali ba wanda ya ce masa Laftanar ya mutu. Shi ya kashe shi da baki, don mamaci ba ya musu.

Ana nan, ana nan, sai wata rana rediyon Ɗantani ya yi shela: an kafa kwamitin gyara fayilolin 'yan mazan jiya. Duk wanda ya ci lamba ba a rubuta masa ba, ya je babban birnin jiha ranar Litinin, ya tafi da shaida.

Rumfa ta ɗauki sowa. Jatau kuwa tsire ya sarƙe shi. Ƙoho! Ƙoho! Sai da aka bubbuga masa baya.

"Kofur, rana ta zo!"

"Af, ni ai na yafe wa gwamnati. Don Allah na yi."

"Mu ba mu yafe ba," in ji Ɗantani. "Ba kai ke neman shugabancin 'yan mazan jiya na garin nan ba? Ka dawo da lambobi uku a ƙirji, wa zai ja da kai? In kuwa ka ƙi zuwa, to ka san bakin mutane."

Jatau ya san bakin mutane. Ya kuma riga ya ɗinka babbar riga ta ranar rantsarwa. Ya kwana yana juyi, gari na wayewa ya nufi tasha wajen Barau ɗan kamasho, mutumin da ko danƙon harbin tsuntsu bai taɓa riƙewa ba. Suka ƙulla: Barau zai zama shaida, ladansa tsire har ya ce ya ƙoshi.

Bayan masallacin tasha suka yi ta atisaye. Jatau ya ba shi tsohon kakinsa, wando ya tsaya masa a ƙwauri.

"Sunanka?"

"Barau."

"Farabiti Barau, sakarai! Me ka gani a gada?"

"Na ga ka goya mutum."

"Ina gudu ina me?"

"Kana ihu."

"Ina harbi! Harbi!"

"To, kana harbi. Amma Kofur, tsiren da kuɗin yaji ne ko?"

Niyyar Jatau su sulale su biyu da asuba, in ta yi kyau ya dawo da lamba, in ta ɓaci ya ce hassada ce ta sake biyo shi. Yana isa tasha sai ya ga bas cike maƙil. Ɗantani ya rufe rumfa, ya kwaso duk 'yan majalisar rumfarsa, har da mai kalangu. An rubuta JARUMIN GADA da alli a jikin motar. Haka aka tafi ana kiɗa, Jatau yana murmushin da bai wuce leɓe ba.

Zauren da kwamitin ke zama cike yake da tsofaffin sojoji. Wani da sanda, wani hannu ɗaya, wani ido ɗaya, kowa yana jiran a kira shi. Mutanenmu suka cika bencin baya. A gaba kuwa, a bayan tebur, wata hafsa ce mace, Manjo Hansatu, da tabarau a kan hanci. Jatau ya ga mace sai hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya raɗa wa Barau, "Wannan shan ruwa ne."

"Kofur Jatau Nomau!"

Ya miƙe. Ƙwas! Ƙwas! Ƙwas! Ya ƙame, ya sara da ƙarfi har maɓallin rigarsa ya yi tsalle daga kan tumbi, tas! ya faɗa cikin kofin shayin Manjo. Ta dubi kofin, ta dube shi, ta ture kofin gefe.

"Muna jin ka, Kofur."

Ai kuwa ya saki baki. Ganin jama'a ya sa ya manta tsoro. 'Yan tawayen da suke ɗari a rumfar tsire suka zama dubu. Gadar ta ƙara tsawo. Har jirgin sama ya shigo labarin, wanda mu kanmu ba mu taɓa jin sa ba. Manjo kuwa rubutu kawai take yi.

"Shaidarka fa?"

Barau ya taso yana jan wando ƙasa. Ya sara da hannun hagu.

"Wace bataliya ka yi?"

"Ta layin Gusau, ranki ya daɗe."

"Lambarka ta soja?"

Barau ya dubi silin, ya karanto lambar wata tsohuwar bas ta tasharmu tiryan-tiryan.

"Wace irin bindiga ka riƙe?"

"Mai ƙara."

Jatau ya fara zufa. Yana ta ƙifta masa ido, shi kuwa Barau ya ɗauka cewa ake ya ƙara wuta.

"Ranki ya daɗe, da idona na gani. Kuma ba mutum ɗaya ya goya ba, tawali'u ne ya sa ya ce ɗaya. Huɗu ne. Uku a baya, ɗaya a gaba, ga kaya a sama."

Zaure ya fashe da dariya. Manjo ta buga tebur, ta cire tabarau ta goge.

"Kofur, shi hafsan da ka ce ka ceta, ya sunansa?"

Jatau ya sunkuyar da kai, ya sa murya ta makoki. "Marigayi Laftanar Shekarau Barmo. Mutumin kirki. A hannuna ya so ya cika, na hana shi."

Sai aka ji wata murya daga tsakiyar zaure, kamar an buga ganga: "Wa ya kashe ni?"

Kowa ya waiga. Wani dogon tsoho ne ya miƙe, furfura fat, yana dogara sanda, ƙafar hagu na ja. Ya taho a hankali, ƙwal, ƙwal, ƙwal, har gaban tebur. Ya sunkuyo ya leƙa fuskar Jatau. Jatau ya juya kai hagu, tsoho ya bi shi hagu. Ya juya dama, ya bi shi dama.

Kawai sai tsohon ya yar da sanda ya rungume shi.

"Jatau kuku! Jatau na kicin! Allahu Akbar! Ashe kana duniya?"

Daga bencin baya aka ji muryar Ɗantani: "Kuku?"

"Yallaɓai, kama ce," in ji Jatau daga cikin hammatar tsohon. "Mutane da yawa suna cewa ina kama da..."

"Kama ta ina? Wannan tumbin ko a lahira na gan shi zan gane shi! Manjo, ga shi nan! Ga shaidata Allah ya kawo mini har gida!"

Tsohon hawaye yake yi na gaske. Ya juya ya yi wa Manjo bayani. Shi ne Laftanar Shekarau Barmo. Tun a can fagen daga kwamandansu ya rubuta a ba shi lambar ceton rai, takardar ta ɓace a hanya, kwamandan ya rasu. Duk ofishin da ya je sai a ce ya kawo mutumin da ya ceta. Ya nemi Jatau har ƙafarsa mai lafiyar ma ta gaji. Jikokinsa sun fara ɗauka tatsuniya yake yi musu.

"To me ya faru a gadar, Yallaɓai?" in ji Manjo. Yanzu kam ta ajiye biro, ta tallabe haɓa.

"Kwanton ɓauna dai an yi, wannan bai yi ƙarya ba. Shi yana bayan motar abinci. Harbin farko, tau! sai ya faɗa cikin babbar tukunyar da muke dafa shinkafar bataliya, ya jawo murfi ya rufe. Mota ta kama wuta. Mun ja da baya ke nan sai na ji tukunya tana kiran Inna. Inna! Inna! Na ce yau ga abin mamaki. Na koma cikin wutar, na buɗe, sai ga Jatau ya naɗe kamar dafaffen kan rago. Gindin tukunya ya yi zafi, ya ƙona masa mazaunai."

"Wurin da ba a nunawa!" wani ya yi ihu daga baya. Mai kalangu ya kasa daurewa, ya ɗan taɓa: kalan-kalan!

"Na ce ya gudu, ƙafafu suka ƙi. Na goya shi. Ina cikin gudu da shi aka harbe ni a ƙafar nan."

"Bindiga a dama fa?" in ji Ɗantani.

"Ludayi dai. Har asibiti ba a iya ɓamɓare shi daga hannunsa ba."

Barau ya ga iska ta juya. Ya matso ya sake sarawa. "Ranki ya daɗe, ni ma na ga tukunyar. Babba ce."

"Kai fita mini daga nan kafin in sa a kulle ka!" in ji Manjo. Kafin ta rufe baki Barau ya kai ƙofa, wando na kaɗawa.

Manjo ta mayar da tabarau, ta dubi Jatau. "Kofur, yi wa kwamiti ƙarya laifi ne, yana iya taɓa fanshonka. Amma dattijon nan ya daɗe yana jiran haƙƙinsa, kuma bakinka kaɗai zai ba shi. Abin da ya faɗa, haka aka yi?"

Jatau ya dubi ƙofa. Ya dubi 'yan unguwa. Ya dubi ƙafar tsohon. Ya ce can ƙasa-ƙasa, "Haka ne."

"Ban ji ba. Ɗazu da kake harbo jirgin sama har waje ana jin ka."

"Haka aka yi, ranki ya daɗe!"

"Wa ya goya wani?"

"Shi ya goya ni!"

Tsofaffin sojojin nan suka miƙe, mai sanda da mai hannu ɗaya, suka sara wa Laftanar. Manjo ta ce a ranar za a gyara fayil ɗinsa, lambarsa kuma za ta fito. Tsoho ya share hawaye, ya dafa kafaɗar Jatau yana ta sa masa albarka. Jatau ya fara lallaɓawa zai zame.

"Saura abu ɗaya, don bayanin ya cika," in ji Manjo. "Yallaɓai, da harsashi a ƙafa, ga wannan kaya a baya, me ya ba ka ƙarfin ci gaba da gudu?"

"Tsoro ne, 'yata. Muna cikin tafiya na ji wani abu mai ɗumi yana bin gadon bayana, shaaa, har cikin takalmi. Na ce shi ke nan, an harbi yaron nan, jininsa ke zuba. Na ƙara mai. Da muka isa, likita ya juya shi gaba da baya, ko ɗigon jini babu."

Duk zaure ya juya ya dubi Jatau.

"Ruwan sama ne, ranki ya daɗe," in ji Jatau.

"Haba Jatau, ji tsoron Allah. Tsakiyar rani? Kuma a bayana ni kaɗai?"

Manjo ta ɗaga biro, tana cije leɓe. "To Kofur, me zan rubuta?"

"A rubuta romo. Romon tukunya ne."

Laftanar ya girgiza kai cikin tausayi. "Tukunyar nan babu komai a cikinta sai kai, Jatau. In romo ne, to naka ne."