Lodin Injiniya Munzali

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Bara da damina na yi kwana uku ina hawa mangwaron bayan gidanmu a Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari, waya a sama, ina neman sabis. Na zagi kamfani, na zagi hadari, na bar rabin wandona a reshe. Rana ta huɗu Munzali ɗan Malam Muttaka ya zo wucewa, ya karɓi wayar, ya danna wani ɗan hoton jirgin sama da na taɓa ban sani ba. Nan take saƙonni suka yi ta zubowa. To, ni ne na miƙe a taron ƙungiyar manoma na rantse cewa ƙasar Birnin Gwari ba ta taɓa haifar ƙwaƙwalwa irin tasa ba, a ba shi shugabancin lodi. Allah Ya yafe mini.

Kuma ai ya cancanta. Mutum ne da ya yi sati shida cur a Kaduna yana koyon kwamfuta. Ya dawo da tabarau marar magani, da baƙar jakar laftof da ba ya bari ƙuda ya sauka a kanta, da sunan Injiniya wanda ya raɗa wa kansa ba rago ba goro. Mu kuwa Kwamfaila muke ce masa, don ba ya gama amsa gaisuwa bai ambaci kalmar ba.

Ranar da tauraronsa ya haska, ƙungiya ta ɗauko babbar motar Obed, direba ɗan Kakangi, za a kai amfanin gona Kaduna. Kowa ya san ƙa'idar hanyar: jerin motoci na tashi ƙarfe goma na safe da rakiyar jami'an tsaro, wanda ya makara sai wani satin, don ba mai ratsa dajin nan shi kaɗai. Masara tana iya jira. Tumatir ɗin Gwaggo Saliha, yayar mahaifin Injiniya, ba ya iyawa. Kwando goma sha biyu ne, shi ne duk abin da ta noma a fadama bana, kuma tun jiya ya fara laushi.

Ƙarfe bakwai Injiniya ya haye bayan motar da alli a hannu, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, lodin jahiliyya ya ƙare daga yau. Akwai wata manhaja, sunanta kwamfaila. Ita ke karɓar abin da masana irinmu suka rubuta, ta juya shi zuwa yaren na'ura, ta jera shi cikin fayil, kowane kaya da sashensa. Umarni daban. Kaya masu ciki daban. Kayan da ake gani ba a taɓawa daban. Shi kuwa fanko, wato abin da babu komai cikinsa, ba ta ɗaukarsa sam. Girmansa kawai take rubutawa, sai an tashi aiki a ba shi wuri. Haka za mu yi wa motar nan."

Na bincika daga baya, an ce mini a kwamfuta haka abin yake, bai yi ƙarya ba. Matsalar ɗaya ce tak: motar Obed ba kwamfuta ba ce. Ko rediyo ba ta da shi.

Ya ja layi ya raba bayan mota huɗu. Sashen umarni ya kama gaba, inda inuwar tamfol take, ya girke farar kujerar roba a ciki, tunda umarnin daga bakinsa zai fito. Sashen a-gani-kada-a-taɓa ya zagaye shi da alli, ya ajiye jakar laftof ita kaɗai kamar amarya. Jarkokin da matan ƙungiya za su sayo manja a ciki ya sa aka sauke su duka, ya rubuta a takarda: jarka ashirin, fanko. Sannan idonsa ya faɗa kan safaya.

"Wannan me ke cikinta?"

"Iska," in ji Obed.

"Fanko ke nan. A sauke."

"Ɗan'uwa, a dajin nan za ka raba ni da safaya? In taya ta fashe a Dogon Dawa, takardarka zan ɗaura?"

"Ka ga matsalar rashin zurfin karatu," in ji Injiniya, cikin tausayi.

Ba a nan ilimin ya tsaya ba. Ya bayyana cewa kowace irin ƙwaƙwalwar na'ura da yadda take son a jera mata kaya, wata huɗu-huɗu, wata takwas-takwas, in an saɓa sai ta yi nawa ko ta ƙi aiki. Ya zagaya motar, ya leƙa inji, ya ƙwanƙwasa tanki, ya yanke hukunci cewa wannan 'yar takwas ce. Ya bi katakon shimfiɗar mota ya sa wa kowanne lamba. Duk buhu dole ya fara daga katakon da lambarsa ke rabuwa da takwas. Buhun masara katako biyar yake ci, saura uku a bar su wayam. Japheth, shugaban 'yan dako, ya ɗora buhu a kan na bakwai, aka sa shi ya sake ɗagawa, ya matsar da shi faɗin tafin hannu. Ya matsar yana kallona, irin kallon da ya sa na je na tsaya bayan jarkoki.

Tara da rabi Injiniya ya sanar cewa mota ta cika. Kuma ta cika ɗin: buhu goma sha ɗaya, kujera ɗaya, jaka ɗaya, sauran duk iskar Saminaka ce, tsabtatacciya, za a kai wa mutanen Kaduna.

Gwaggo Saliha ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta matso.

"Munzali, tumatir ɗina fa?"

"Injiniya, Gwaggo."

"Ni na yi maka wankan farko. Tumatir ɗina fa?"

"Kwando zagayayye ne, Gwaggo, ba ya zama daidai kan takwas. Sai lodi na gaba."

Ta dubi kwandunan, ruwa ya fara tsattsafowa daga gindin ɗaya. Ta dubi bakin titi, inda motocin rakiya suka fara tayar da inji. Sai ta sassauta murya.

"Ɗan nan, maimaita mini zancen fankon, ban gane ba."

Fuskarsa ta washe. Ɗalibarsa ta farko a duniya. "Abin da babu komai ciki, Gwaggo, ba a ɗauka. A auna, a rubuta, a bar shi."

"Madalla."

Ta taka taya ta hau motar, ta ƙetare da'irar allin da zanenta, ta ɗaga jakar laftof da yatsa ɗaya. Ta zuge. Caja ce a ciki da rabin burodi. Ta cire burodin, ta miƙa wa Japheth jakar, aka sauke. Sannan ta je sashen umarni, ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa kan Injiniya sau uku, yadda ake gwada kankana.

"Obed, me ka ji?"

"Mama, kamar jarkokin nan."

Ta karɓi igiyar lodi ta auna shi daga hula zuwa takalmi. "Rubuta: Injiniya ɗaya, kamu uku da rabi, fanko. In mun isa Kaduna za a ba shi wuri."

'Yan dako huɗu suka ɗauke shi da kujerarsa, yana ɗaga yatsa yana cewa wannan ya saɓa wa tsarin, suka dire shi a gindin ɗorawa. Buhuna suka matsu da juna, tumatir ya hau inuwa, jarkoki da safaya suka koma. Goma saura biyar motar ta shiga layi, Gwaggo na zaune gaba tana cin rabin burodin.

Da wurin ya yi tsit sai na matsa kusa da Injiniya, don a ganina wannan dama ba ta zuwa sau biyu.

"Injiniya, sannu da hutawa. Yaushe za a tashi aiki a ba ka wurin?"

Ya cire tabarau, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kawu, ni an auna ni an samu kamu uku da rabi. Kai da ka miƙe gaban jama'a ka rantse babu kamata, ko igiya ba za a ɓata a kanka ba. Miƙo wayar, tun ɗazu na hango ka sake danna jirgin."