Wuƙar da Na Ƙera wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba. Ko na so in manta ma, mahautan Talata Mafara ba za su bar ni ba.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Bakura. A gidanmu babu maƙeri ko ɗaya, amma Allah ya yi ni mutum ne da ba ya iya zama wuri guda. Da na ga tarin ƙarafan da masu aikin dam suke zubarwa ta wajen Maradun, sai hankalina ya tashi. Ana tashi daga makaranta zan haye babur in tafi tone-tone. Haƙorin katafila da ya karye na mayar uwar maƙera, na sayi zuga-zugi da masaba da awartaki, na kafa rumfa a bayan gida. Na ƙera ƙugiyar rataye fitila, na ƙera wani abu da na ce lauje ne (matata Kulu ta ce a bar shi a matsayin maratayin guga). Unguwa ta daina barcin rana saboda ni.

Surukina, Alhaji Nomau, babban mahauci ne a Talata Mafara, kuma tun da na auri 'yarsa bai taɓa yaba mini komai ba. Bai kuma zage ni ba. Sau ɗaya dai ya riƙe tafin hannuna a wajen gaisuwa, ya juya shi, ya ce, "Hannun alli." Kalmomi biyun nan sun hana ni sakat fiye da shekara.

Da Kulu ta tafi gida goyon ciki, sai dabara ta faɗo mini. Zan ƙera wuƙar da za a yanka ragon suna da ita, in ba Alhaji a gaban jama'a, ya ga abin da hannun alli yake iyawa. Na samo sifirin, faffaɗan ƙarfen nan na ƙarƙashin tifa, na ɗaura a babur sai Maradun, wurin wani tsohon maƙeri, Baba Umaru.

Ya ɗaga ƙarfen ya auna nauyinsa a hannu. "Wanga ƙarhe na da zuciya, Malam. Ba irin namu na da ba ne. In ka ƙare bugu, ka gasa shi ya yi ja, ka tsoma shi cikin baƙin mai. Sannan kuma..."

Daidai nan wani baƙo ya yi sallama. Aka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina ruwa, ina waɗanda aka tasa daga gonakinsu saboda dam, yaya ƙafar wane. Ni kuwa ina tsaye ina taka ƙafa ɗaya ina ɗaga ɗaya, ina juya makullin babur a yatsa. Da na ji sun koma kan "ina gajiya" karo na uku, sai na ce a raina ai na ji mai muhimmancin. Na ce, "Baba, na gode," na buga babur na yi gaba. Na ji kamar ya ɗaga murya a bayana, na ɗauka sai an jima yake cewa.

Kwana biyu na yi ina bugu. Baƙin mai kuwa sai an je gareji, ni kuma ƙarfe ya riga ya yi ja a hannuna, don haka randar ruwa na tsoma shi. Ya yi wata ƙara, tururi ya tashi. Da na goga magagari a kai, sai ya zame bai ko karce shi ba. Daɗi ya kashe ni. Na ce wannan ko ƙashin bijimi ba zai tsaya mata ba. Na sa ƙota, na wasa ta har ta aske gashin hannuna, na kai wa dukawa suka yi mata kube ja.

Aka haifi namiji. Ranar suna, bayan sallar asuba, ƙofar gidan Alhaji ta cika, kuma yawancin waɗanda ke kan tabarmin mahauta ne, mutanen da suka tashi da wuƙa a hannu tun kafin su iya ɗaura wando. Ga al'ada, uban ɗan fari ba ya ko bari a ga fuskarsa ranar nan, can bayan taro yake raɓewa don kunya. Ni kuwa? Ina gaba-gaba da babbar riga, ina zama ina tashi, ina shafa kuben a ƙarƙashin hammata. Wani ƙanen mahaifina ya ja mini riga sau biyu, ban ko waiwaya ba.

Liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha, aka kayar da rago. Alhaji ya naɗe hannun riga zai yanka wa jikansa da kansa. Sai ga ni tsugune a gabansa da wuƙa a tafi biyu.

"Baba, ga wannan. Da hannuna na ƙera ta." (Kalmar "hannuna" ɗin nan, har masu rabon goro a zaure sai da suka ji ta.)

Ya zare ta daga kube. Ta ɗauki ido, wallahi ta ɗauki ido, har wani ya ce ma sha Allah. Alhaji ya ɗan ƙyasta ta da farce, ya kara a kunne. Ya sake ƙyastawa.

"Malam, da ka tsoma ta, ka maishe ta bisa garwashi?"

"Ba ta buƙata, Baba," in ji ni.

Alhaji ya juya ta, ya ɗan ƙwanƙwasa bayanta a kan dutsen washi, a hankali, kamar mai fasa ƙwai.

Ƙal! Gida uku ta yi. Tsinin ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙwaryar goron da ke gaban liman, tsakiyar ta faɗi kusa da kunnen rago, Alhaji ya rage da ƙota da ɗan guntun da bai kai yatsa ba.

Da ma dariya jama'a suka yi, da na samu sauƙi. Liman ya sa yatsu biyu ya tsamo tsinin daga cikin goro, ya miƙo mini da ladabi, ya ce, "Malam, ga naka." Nan ne wani tsohon mahauci ya kasa riƙewa, ya tusa rawani a baki, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na ji babbar rigar nan ta yi mini nauyi, na rasa inda zan sa idona.

Alhaji ya sa hannu a gefen riga ya zaro tsohuwar wuƙarsa, wadda washi ya cinye har ta sirance, ya yi bisimilla ya yanka ragon.

Da taro ya watse, ya kira ni zaure. Na ɗauka yau zan sha faɗan da ban taɓa sha ba. Sai ya zuba mini guntayen a hannu ya ce, "Da bisa wuyan ragon ga ta karye, da mushe munka tarbi jikana da shi." Ni kuwa har lokacin kunyata kawai nake tunani, ragon bai ko faɗo mini a rai ba. Ya ƙara da cewa, "Bugun ya yi kyau. Koma wurin wanda ya koya maka, ka zamna har ya ƙare magana."

Na koma Maradun. Baba Umaru ya dubi guntayen ya ce, "Ai na kira ka." Ashe abin da ya rage shi ne, bayan an tsoma, a kwantar da wuƙa a kan garwashi mai sanyi-sanyi har ta yi launin busasshen kara, don taurin ya sassauta. Magana ce da ba ta kai tsawon gaisuwa ɗaya ba. Ranar ma wani baƙo ya shigo, na zauna a kan hannuwana har suka gama.

Wuƙa ta biyu mako uku ta ci. Alhaji ya karɓa, ya yi shekaru yana aiki da ita a mahauta, bai kuma sake ce mini hannun alli ba. Sai dai har ya bar duniya, in dai ina wurin, ba ya yanka da ita sai ya ƙwanƙwasa bayanta a kan dutse, yana kallona ta gefen ido.

Har yau ban iya zama wuri guda ba, wannan kam sai dai a yi haƙuri da ni. Amma da zarar dattijo ya ce "sannan kuma", makullin babur nake sakawa a aljihu in nemi tabarma.