Harsasan Inna Rabi

Ni dai na taɓa yin aikin banga a garinmu kafin in zo Makka, kuma ban bar kowa a unguwarmu ta Utaibiyya ya manta da haka ba.

Ran nan bayan la'asar maƙwabcina Sale ya tsinci wata leda a ƙarƙashin matattakalar gidanmu, cike da 'yan bututun tagulla kamar ɗan yatsa. Kallo ɗaya na yi musu na ce a rufe ƙofa.

"Kwanson harsashi ne," in ji ni. "Na ƙaramar bindiga."

Rabin mutanen gidan ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, sai kowa ya ja da baya. Ni kuwa na baje su a tabarma ina ɗagawa ɗai-ɗai wajen haske. Wannan bakinsa ya tsage, ya gama aiki. Wannan lafiyarsa ƙalau, albarushi kawai za a sake ɗura masa. Har na shinshina baƙin garin da ke ciki, na gyaɗa kai, na ce a kai su bola kafin shurɗa, wato 'yan sanda, su ji labari.

Sai ga Inna Rabi, mai sayar wa alhazai tsaraba a unguwar Jarwal, ta sauko tana cigiya.

"Wa ya ɗauke min ledar tandun kwalli? Ga murafansu can a sama."

Ta dubi hancina da ya yi baƙi ƙirin, ta ce, "Ɗan nan, a ido ake sawa."

Har yau in matata za ta sa kwalli, sai ta fara miƙo min: "Kwamanda, duba min, kar ya tashi da ni."