Takardun da Suka Riga Ni Tafiya

Ina koyarwa a Shagari na nemi digiri na biyu a wata jami'ar Ingila da ba kowa take ɗauka ba. Da saƙonsu ya shigo wayata, layin farko kawai na karanta, na ga an ce an karɓa. Na yanka rago, na yi bankwana da dangi har Bodinga, na sayi rigar sanyi ana tsakiyar bazara.

Wurin walima, malaminmu na Turanci ya duba wayar a tsanake.

"Malam, takardunka sunka karɓa, ba kai ba."

Babu wanda ya fasa cin nama.

Har yau in na shiga ofis sai an tambaye ni, "Ya takardu? Sun kusa gama karatu?"