Saniya a Rijiyar Bari-Mu-Gani

A wani gari da ake kira Bari-Mu-Gani, rijiya ɗaya ce tak, mai gadinta kuwa wani bawan Allah ne, Jatau. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a ƙarƙashin Hukumar Yanke Shawara, ko igiyar guga bai taɓa canzawa ba sai da izini.

Wata safiya saniyar Lantana mai nono ta zame ta faɗa rijiyar. Ba ta mutu ba, ruwa iya wuya, sai kuka take. Jatau ya san in ta mutu a ciki, gari ya rasa ruwan sha. Ya kwasa da gudu sai hukuma.

Manyan hukumar uku ne, kowa da salonsa. Na farko Alhaji Nan-Take, wanda tun da yake bai taɓa jin ƙarshen magana ba.

"Ranka ya daɗe, saniya ce ta faɗa..."

"A yanka ta!"

"Cikin rijiya take, ranka ya daɗe."

"To a cike rijiyar! Tashi ka ba ni wuri."

Jatau ya wuce wajen Malam Sai-An-Duba, mutumin da ya yi wata uku yana nazarin ko a buɗe tagar ofishinsa, har zafin ya gaji ya tafi. Malam ya jawo sabon fayil, ya lumshe ido.

"Saniyar, fara ce ko ja?"

"Malam, nutsewa take!"

"Irin wannan gaggawar ce ke kashe ƙasa. Faɗawa ta yi, ko shiga ta yi da kanta? Kawo mini a rubuce, kwafi huɗu."

Ta uku, Hajiya Me-Sama-Ta-Ce, ba ta sanin ra'ayinta sai ta ga fuskar mai gari. Don haka aka ɗunguma fada.

Mai gari kam mutum ne mai adalci: duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe, shi ke da gaskiya. Kowa ya san haka, shi ya sa ba mai yarda ya fara shiga. Manyan suka yi cirko-cirko a bakin zaure, ladabi ya tashi.

"Bismillah, Alhaji," in ji Malam.

"Haba, ina ni ina shiga gaban malamai? Hajiya, bismillah."

"Ni wa? Ku ne manya."

Ranar ko Alhaji Nan-Take sai da ya koyi haƙuri. Har azahar suna nan suna girmama juna.

Daga can Jatau ya ji kukan saniyar ya fara dishewa. Tsoro ya kama shi, tausayi ma haka. Karon farko a rayuwarsa, ya yanke shawara da kansa. Ya aro igiya, ya kira majiya ƙarfi daga kasuwa, shi ya sauka ya ɗaure ta, aka ja. Saniya ta fito tana karkarwa, Lantana na kuka tana sa masa albarka.

Da labari ya isa zaure, sai ga abin da ba a taɓa gani ba: manyan uku baki ya zo ɗaya. Kafaɗa da kafaɗa suka shiga, ba na farko ba na ƙarshe. Aka kira Jatau.

"Wa ya ba ka izini?" in ji Alhaji. Kafin Jatau ya buɗe baki: "An sallame ka!"

Malam ya ɗaga fayil. "Ranka ya daɗe, akwai sauran matsala. Takarda ta ce saniya tana cikin rijiya, kuma ba a gama nazari ba. Ba ma ƙaryata takarda."

"A mayar da ita!" in ji Alhaji.

Hajiya ta dubi fuskar mai gari, ta ga yana gyaɗa kai. Gyangyaɗi ne ko amincewa, Allah masani. "Abin da ke raina ke nan tun safe," ta ce.

Aka kuwa mayar da saniya cikin rijiya. Sabon mai gadin rijiyar mutum ne mai bin ƙa'ida. Yau kwanansa tara a bakin zaure yana jiran izinin fito da ita. Ba a ƙara jin kuka daga rijiya ba, hukuma kuwa ta ce wannan ci gaba ne.

Shi kuwa Jatau, daga wani rafi mai nisan awa biyu yake ɗebo wa iyalinsa ruwa yanzu. In maƙwabta suka tambaye shi dalili, sai ya ce su yi haƙuri, ba a ba shi izinin faɗa ba.